Kayan Aro a Zauren Sauda

Sri Petaling, Kuala Lumpur
Watan Maris

Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Gwammaja. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ashafa yana gaishe ki. Ya nutse a binciken digirinsa, sai lokacin cin abinci muke tuna muna da maigida. 'Yarki Fatiha ma kalau take, har ta yi kumatu. Tunda kin kafe ba kya sauraron saƙon murya, wai tsohuwar shugabar makaranta ba ta karɓar aiki sai a rubuce, ga shi na zauna na rubuta. Don Allah a ajiye jan biro.

Kin sha tambayata wane irin aiki ne nake yi a kwalejin nan, wanda ba koyarwa ba kuma ba zaman ofis ba. Kwalejinmu ƙarama ce, ta unguwa, a saman wasu shaguna take. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yawa, sai 'yan ƙasashen waje irin Fatiha, waɗanda iyaye suka yi ta maza suka turo. Shekara uku da suka wuce wata gidauniya ta ba kwalejin tallafi don a rage yaran da ke ajiye karatu a tsakiya. Da shi aka buɗe ɗaki guda, aka ɗauke ni in kula da shi, ake kuma ba manyan ɗalibai ɗan abin sawa a aljihu su riƙa koya wa ƙanana. Sunan ɗakin na takarda Turanci ne mai tsawon tsiya. Ni na fara ce masa Zaure, yanzu har yaran Malay da na China haka suke kiransa.

Duk wanda ya faɗi gwajin farko, Zaure zai zo a zauna da shi har ya gane. Wanda kuma aka kwana biyu ba a gani a aji ba, ni ce mai cigiya. Na sha zaƙulo yaro a shagon mamak, masu sayar da shayi da roti, in tsaya a kansa har ya shanye ya biyo ni. Yaya, ina son ɗakin nan kamar ni na haife shi.

To yanzu wa'adin tallafin ya zo ƙarshe. Mako mai zuwa gidauniyar za ta turo wata mata, Madam Tan, ta duba mu, a kan abin da ta gani za a sabunta ko a bari. Kin san dai ba zan bari baƙuwa ta same mu yadda muke ba. Ƙasa ce tsurarta, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun bara, kwamfuta biyu gare mu, ɗayar sai ta ga dama. Don haka na zaga. Lailatu matar Dakta Sirajo ta ara min babban kafet ɗinta na Turkiyya. Aminat ta unguwar Titiwangsa da maƙwabtanta sun haɗo min kwamfutocin cinya har shida. Wani dattijo mai shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda nake sayen ɗinkin Sallah, ya ba ni aron labule masu ruwan zuma. Fankoki kuwa daga masallaci Bahauddeen ya ɗauko, shi ne babban mai koya wa yara lissafi a Zaure. Ba wanda na gaya wa dalili, na ce dai muna da baƙuwa. Da kin ga ɗakin yau sai ki rantse na amarya ne.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sauda

*

Gwammaja, Kano
Watan Maris

Sauda,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na gode. Muna nan lafiya, ƙafa da sauƙi. Kuskure biyu kawai na gani, na kuma yafe.

Kin yi daidai, kin nuna ke 'yar gidanmu ce. Ko sifeto ne zai zo makarantata, sai na sa an shafe bango an aro bencuna daga makarantar maƙwabta, ballantana mai riƙe da abincinku. Abu biyu zan ƙara miki. Na ɗaya, ki sa turaren wutan da na aiko miki, mai kyan, ba wanda kike rowa da shi ba. Na biyu, ki tara yaran ki ja musu kunne. Yaran yanzu ba su da ta ido, ana tambayarsu sai su zazzage cikinsu a gaban baƙo. Ki gaya musu duk wanda aka tambaya ya gode wa Allah ya gode wa gidauniya, kar wanda ya kai ƙorafi ya ba ki kunya. Musamman 'yar taki, kin san bakinta ba ya da linzami.

Kumatun da kika ce ta yi, ina fata na karatu ne ba na shinkafar kwakwa ba.

Allah ya ba da sa'a. Ki gaida Ashafa, ki ce masa mata ma ana bincikar lafiyarsu.

Yayarki,
Halimatu

*

Sri Petaling
Watan Mayu

Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, ayyuka ne. Baƙuwa ta zo ta tafi, ta yaba ƙwarai, turarenki ma sai da ta tambayi sunansa. Mun fita kunya. Mu nan lafiya lau, komai lafiya lau. An fara durian, ɗan itacen nan mai ƙaya, unguwa duk ta ɗauki wari, Ashafa ya koyi ci, na hana shi shigo da shi gida.

A gaida Malam da yara.

Sauda

*

Sri Petaling
Watan Mayu

Umma,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ina gajiya? Ina Abba da su Hassan? Umma, don Allah kar ki gaya wa Anti Sauda na rubuto miki, ko kuma ki gaya mata bayan na gudu can garin Penang.

Na san ta ce miki komai lafiya lau. Ba lafiya lau ba ne. Za a rufe Zaure ƙarshen zangon nan, kuma mu muka jawo da bakinmu.

Ranar da Madam Tan ta zo, wallahi ni kaina ban gane ɗakin ba. Kafet har ƙafa na nutsewa, labule, fanka ta kowace kusurwa, kwamfutoci a jere, ga ƙamshi kamar gidan biki. Anti ta soya sambusa ta yi zoɓo. Tun da safe ta tara mu ta ce kar wanda ya kuskura ya yi ƙorafi. Matar tana da kirki sosai. Ta sa mu gaba ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, me ke damunku, me kuka rasa, me za a ƙara muku? Abdulbasit, wanda sau biyu yana faɗuwa Turanci, ya ce shi Alhamdulillahi ba shi da wata matsala a duniya. Walida ta ce komai ya wadata har ya yi yawa. Yaran Malay da suka ga haka su ma suka bi sahu, kowa sai "boleh, boleh", wato komai na tafiya. Da ta tambayi Anti ina aka samu waɗannan kaya masu kyau, sai Anti ta yi murmushi ta ce ai na jama'armu ne. Madam Tan ta rubuta wannan da sauri, har da jan layi.

Bayan Sallah amsa ta iso. Gidauniya ta ce ba ta taɓa ganin shirin da ya yi nasara irin namu ba. Wai ɗalibai ba su da sauran matsala, jama'ar unguwa sun rungumi ɗakin, ya tsaya da ƙafafunsa, saboda haka za su kai tallafin wata kwaleji da ta fi mu buƙata. Har da takardar yabo mai zanen zinariya. Umma, mun yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske. Shugabar kwaleji, Puan Zaleha, ta ce ba ta da abin riƙe ɗakin, za a mai da shi wurin ajiye tsofaffin kujeru. Bahauddeen ya fara neman wani abin yi, ban ga laifinsa ba. Kayan aron kuma suna nan a naɗe a kusurwa, Anti ta kasa mayarwa, don ta san za a tambaye ta yaya aka yi.

Saura nawa labarin. Ni ma da Madam Tan ta tambaye ni, na ce ba ni da matsala. Ina da ita, Umma. Na faɗi darasin ƙididdiga a zangon da ya wuce. Sau ɗaya ake bari a sake, a watan Agusta, idan na kuma faɗuwa sai dai ku gan ni a Kano da akwatina. Anti ta sani, ta ce kar a tayar miki da hankali tunda Bahauddeen yana koya min kuma na fara ganewa. Yanzu ban san wa zai ƙarasa da ni ba. Tsoro nake ji sosai. Ba wasa na yi ba, ƙididdigar ce ba ta da mutunci, lah, kamar yadda 'yan nan ke rufe magana.

Ki yafe min. Ki gaida Abba, amma ki bari sai ya ci abinci.

'Yarki,
Fatiha

*

Gwammaja, Kano
Watan Yuni

Sauda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice yau, don raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin a kaina yake.

'Yar taki ta rubuto ta faɗa min komai. Kar ki taɓa ta, ita kaɗai ce mai hankali a cikinmu. Ni dama tun da na ga "lafiya lau" sau biyu a layi ɗaya na san akwai magana. Haka kike tun kina ƙarama, ranar da kika karye a hannu ma cewa kika yi ba komai.

Na karanta wa Malam labarin Madam Tan, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ban yi ba sai da na shiga ɗaki. Mace ta taso takanas ta tambaye ku me kuka rasa, kuka turara ta da turarena kuka ce mata kun ƙoshi. Ni kuma na ba da shawarar a toshe wa yara baki. Sifeton da nake yi wa shafe, zuwa yake ya kama ni da laifi. Wannan zuwa ta yi ta taimaka. Ban bambance ba, na ɗauki laifina.

Ga abin da za ki yi, kuma ba shawara ba ce, umarni ne. Kayan mutane ki mayar musu da ƙafarki, kar ki aiki yara. Duk wadda ta tambaye ki yaya aka yi da baƙuwa, ki zauna ki faɗa mata gaskiya tun daga farko, har da mutuwar na'urar sanyi. Na san ya fi miki sauƙi ki haɗiye garwashi. Amma kin iya aron kafet don rufin asiri, kin kasa cewa a taimake ni don yaran mutane? Ki je wajen shugabarku ma ki yi mata haka. In an rufe ɗakin bayan kin yi magana, to an rufe. In an rufe kina murmushi, ni da ke ne.

Batun yarinyar nan ya hana ni sukuni, ba zan ɓoye miki ba tunda na hana ki ɓoyo. Mun sa rai a kanta ƙwarai. Ki ce mata ban yi fushi ba, ta ci abinci ta yi karatu.

Yayarki,
Halimatu

*

Sri Petaling
Watan Yuli

Yaya Halimatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, da Malam da hularsa. Na bi umarni, ga rahoto.

Da Aminat na fara, a Titiwangsa, na ɗauki kwamfutoci a jakar baya kamar mai talla. Ta kawo min ruwa ta ce, yaya baƙuwarku? Yaya, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce lafiya lau, an gode. Na yi sallama na fito. Sai da na kai tashar jirgi, jirgin ya tsaya ya buɗe ƙofa, na tuna da ke, na juya. Da ta sake ganina a bakin ƙofa ta zaci mantuwa na yi. Na ce mata ƙarya na yi, ba lafiya ba. Na zauna na kwashe mata komai, ina magana ina kallon ƙafata.

Ta yi dariya son ranta, sannan ta yi min faɗa. Ashe Aminat digiri biyu gare ta a ƙididdiga. Ta koyar a Zariya kafin ta biyo mijinta, tun da suka zo kuma ba abin da take lissafawa sai awon shinkafa. Ta ce, "Anti Sauda, shekara nawa muna gaisawa, kin san ina zaune ina kallon bango, ba ki taɓa ce min kina neman mai koya wa yara ba? Kwamfuta kika ga ya dace ki ara a gidan nan?" A tsaye ta kira maƙwabtanta biyu, ɗaya ta karanci Turanci, ɗaya akanta ce. Suka ce da zarar sun kai yara makaranta ba su da abin yi har azahar. Kwamfuta uku suka ce in koma da su, wai dama yara ne ke kallon katun a kai.

Dattijon mai yadi ya fi ba ni kunya. Na kai masa labule a goge a ninke, na yi masa bayani da guntun Malay ɗina. Ya ce ɗansa ma ya ajiye karatu a shekarar farko, ba wanda ya je cigiyarsa. Ya tura min labulen ya ce in mayar inda na cire su, rana ta riga ta gan su, shi ba zai iya sayarwa ba. Masallaci sun bar mana fanka biyu. Lailatu kuwa ta saurare ni tsaf, ta tausaya, ta karɓe kafet ɗinta, don surukarta na tafe. Ban ji haushi ba, ni ma da nawa ne da na karɓe. Sai dai washegari ta turo mijinta, Dakta Sirajo, ya ce zai riƙa zuwa koya wa yara yammacin Juma'a.

Wajen Puan Zaleha ne na sha wuya. Na shiga ofishinta na ce mata kayan da Madam Tan ta gani duk na aro ne, yaran kuma ni na hana su magana. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ita ma ranar ta yi mamaki, har ta ji kunyar tambaya, kar a ce ba ta san abin da ke cikin kwalejinta ba. Muka zauna muna kallon juna, sai dariya. Na ce mata ba tallafin da ya tafi nake roƙo ba, ɗakin nake roƙo, ga kuma mutanen da za su zo. Ta ce ba za ta yi min alkawarin har abada ba. Ta ba mu zango ɗaya na gwaji. Ta sa sa'ar Zaure a cikin jadawalin kwaleji, ta kuma ce manyan ɗaliban da suka koyar za a ƙirga musu a makin hidimar al'umma. Ni kuma za a mai da ni aji in koyar da safe, Zaure da yamma, in ba haka ba babu gurbina. Na ce na yarda kafin ta rufe baki.

Ba duka muka tsira da shi ba. Bahauddeen ya tafi, ya sami aiki a hutun zango, ranar da ya zo sallama sai da na shiga banɗaki na share hawaye. Na'urar sanyi tana nan a mace. Ƙasa ta koma tsurarta, tabarma muke shimfiɗawa. Na kuma rubuta wa Madam Tan na faɗa mata gaskiya. Ta amsa cewa an riga an raba tallafin bana, amma ta gode, wai wasiƙata ta zaga ofishinsu kaf.

Fatiha tana hannun Aminat. Aminat ba Bahauddeen ba ce, ba ta san lallashi ba, 'yarki kullum sai ta fito tana cewa an zalunce ta. Kumatun sun zube. Ki ci gaba da addu'a, ni ma tsoron nake ji.

Ƙanwarki,
Sauda

*

Sri Petaling
Watan Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Kin tambaya yaya nake. Na gaji, bayana na ciwo, fanka ɗaya ta bi sahun na'urar sanyi.

Fatiha ta ci. Ba da maki mai yawa ba, amma ta ci, ki gaya wa Malam ya cire batun dawowarta da akwati daga ransa. Ita ce yanzu ke koya wa sababbin shiga, da muryar Aminat sak.

Jiya Madam Tan ta faɗo mana babu sanarwa, wai hanya ce ta biyo da ita. Ba turare, ba zoɓo, ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Ta juya wajen wani sabon yaro ɗan Gusau, Fatihu, ta tambaye shi yaya karatu. Ya gyara zama ya ce Alhamdulillahi, ba matsala. Sai 'yarki ta zungure shi da biro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya, Madam, tun da aka fara lissafin nan ban gane komai ba."

Yaya, ban taɓa jin ƙorafi mai daɗin wannan ba. Madam Tan ta buɗe jaka ta ciro abin rubutu. Aminat kuma ta jawo masa kujera kusa da ita.

A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Sauda